Shafi'u da Saniyar Upper Iweka

Shafi'u yana da shekara talatin da huɗu lokacin da surukinsa, Alhaji Muntaka, ya ɗora shi a saman tirelar shanu ya ce masa wannan ce damarsa ta ƙarshe. In ya riƙe aikin, ya ci gaba da zama da matarsa da 'yarsa a ɗakin da aka ba su a gidan Alhajin, a Diobu ta Fatakwal. In kuwa ya watsar kamar yadda ya saba, to ya koma ƙauyensu ya yi noma shi kaɗai, mata da yarinya suna nan. Alhaji bai ɗaga murya ba da yake faɗin haka. Shi ba ya faɗa, yanke hukunci kawai yake yi yana jan carbi.

Ƙauyen yana can bayan Maigatari, kuma tun daga can aka fara dukan Shafi'u a kan abin da bai san yadda zai daina ba. A aike shi kai wa ubansa fura gona, sai a tsince shi da la'asar a bakin maƙera, ƙwarya a gefensa, fura ta yi tsami, shi kuwa ya ƙura wa zuga-zugi ido. A aji malami yana bayani, shi kunnensa yana kan injin niƙa na bayan katanga, har ya gane belinsa ya kusa tsinkewa. Uba ya yi duka har ya gaji, malami ya karɓa. Uwa ta ba shi rubutu ya sha, ta yi masa turare, ta ce ko iska ce. A cikin duk waɗannan masu son gyara shi babu wanda ya taɓa zaunar da yaron ya tambaye shi abin da ke faruwa a cikin kansa. Da an tambaya da ya faɗa: duk abin da ya motsa ko ya yi ƙara kiransa yake yi, kuma duka da murya ɗaya, babu babba babu ƙarami. Kansa kamar kasuwar Mile One ta Fatakwal ranar Asabar yake, kowane mai tebur yana jan rigarsa.

Yana ɗan shekara ashirin ya biyo 'yan garinsu kudu. Ya yi gadi a wani kamfani a Trans-Amadi, aka same shi ya kwance rediyon abokin aikinsa gunduwa-gunduwa a kan benci, ƙofa a buɗe har akuya ta shiga ofis. Ya ja keke, ya wuce da wata mata da kayan miyarta har Rumuola, tana dukan bayansa tana ihu, shi yana tunanin yadda aka yi gadar sama ta tsaya da ƙafafunta. Da aka ga hannunsa yana son ƙarfe aka kai shi gareji. Nan kam kowa ya ce an dace, don wata uku ya yi ya fara gano ciwon da ubangidansa ya kasa ganowa. Amma a ba shi juyen baƙin mai, aikin da ko makaho zai yi, sai ya zuba sabo ya bar makullin ƙasa bai ɗaure ba, domin wata mota ta shigo da wani baƙon kuka. Sau biyu ya yi haka, na biyun inji ya ƙone, aka nuna masa hanya.

Abin da ke ƙona rai shi ne abin da mutanen unguwa suka mayar da shi. Wai shaye-shaye yake yi. Mutumin da ko goro ba ya ci! Wasu suka ce sakarai ne, wasu suka ce raini ne, ya fi ƙarfin aikin mutane. Amma janareto ya mutu a masallaci, ko injin markaɗe ya tsaya ranar suna, sai ka ji ana "Ina Shafi'u? A kira Shafi'u." Zai zo ya duƙa, ya manta da abinci, ya manta da rana, sai abin ya tashi. A ba shi na gode, ya juya baya a yi masa dariya. Kuma kada wani ya ce bai yi ƙoƙari ba. Ya ɗaura zare a yatsa, ya rubuta a tafin hannu, ya saita ƙararrawa goma sha a waya. Ƙararrawar ta buga, ya kashe ta da niyyar tashi, kafin ya miƙe wani abu ya kira shi.

Rahama ce kaɗai ta dube shi ta ga mutum. 'Yar Alhaji Muntaka ce, dillalin shanun da ya shekara arba'in a Fatakwal, a nan aka haife ta, Pidgin a bakinta kamar ruwa. Keken ɗinkinta ya zo gyarawa, ya gyara, ya tafi ya bar takalminsa a ƙofa, ya dawo ɗauka ya bar hularsa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan kuma abin ya ƙullu. Alhaji bai so ba, amma ya bincika, aka ce masa yaron yana salla kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya ba da ita, ya ba su ɗaki, suka haifi Amatullahi.

Ita Rahamar ce ta ji wani shiri a rediyo, ta ajiye almakashi ta ce, "Baban Amatu, wallahi wannan matar kai take siffantawa." Ta ja shi asibiti. Likitar ta shafe fiye da awa tana tambayarsa, tun daga furar gona har gareji, ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Ta ce abin yana da suna, ADHD, ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, da shi ake tashi tun yarinta, kuma manya da yawa suna fama da shi ba su sani ba. Ta ce akwai magani, akwai kuma dabarun da ake koya wa mutum, ya dawo ranar Talata ta sama. Shafi'u ya fito ya zauna a kan dakalin asibiti ya yi kuka kamar yaro. Kukan haushi ne, na duk bulalar da ya sha a kan abin da ashe yana da suna. Ranar Laraba ya koma. Aka sake ba shi rana, ita ma ta kuɓuce masa, kunya ta hana shi komawa karo na uku.

Da Rahama ta kai wa ubanta bayanin likita, Alhaji ya ce, "To, yanzu lalaci ma an yi masa sunan Turanci. Mu da muka zo garin nan da ƙafa bayan shanu, wa ya ba mu wannan cutar?"

Sai ga shi shi da kansa ya zaɓa wa surukinsa aiki. Kuma a duk ayyukan duniya bai ga wanda ya dace da mutumin da idonsa ba ya zama wuri ɗaya ba sai rakiyar shanu. Ga yadda aikin yake. Ana loda shanu a Maigatari, a ɗaure ƙahonninsu da igiya a jikin bodi, a gitta katako a sama, masu rakiya su hau su zauna. Kwana biyu ana tafiya, aikinsu ɗaya ne tak: kallo. Saniya in ta gaji ta durƙusa, 'yan'uwanta za su tattake ta, sai mai rakiya ya dira ya murɗe mata wutsiya, ya watsa mata ruwa, ya ja igiya har ta miƙe. In ta ƙi tashi aka ga ido ya fara juyewa, to a yi bisimilla a sa wuƙa tun tana motsi, nama ya halatta. In aka makara ta cika da kanta, ta zama mushe, babu Musulmin da zai ci. Wuƙa ɗaya ake ɗauka saboda yawan tambayoyin shingayen hanya, kuma tana hannun wanda ya fi ƙarfin dira, wato Shafi'u.

Abokin rakiyarsa Malam Hammadu ne, dattijon Bafillace da ya fi shekara ashirin a kan katakon nan. Shi bai san sunan ciwo ba, amma ya san dabba ya san mutum. Ya lura in Shafi'u ya zauna shiru to ya tafi, don haka ba ya barinsa ya zauna. Je ka duba ta gaba, zo ka sassauta wa wannan igiya, faɗa min wacce ce ke numfashi da baki. Da haka suka yi sahu uku lafiya, ko kofato bai karye ba. Rahama ta fara kallon ubanta da ɗan murmushi.

A sahu na huɗu akwai wata farar saniya da ta fara ɗingishi tun Lakwaja. Shafi'u ne ma ya fara ganinta. Sau biyu ta durƙusa, sau biyu ya tayar da ita, ya koma daidai kanta ya zauna. Da hantsi suka haye gadar Kwara suka shiga Anaca, a mahaɗar Upper Iweka kuma gosulo ya kama su. Wata tifar yashi ce ta mutu a tsakiyar titi, ta tare hanyar Owerri. Rana ta buɗe, hon ta ko'ina, 'yan kamasho suna kiran fasinja, masu talla suna bin tagogi, wani mai wa'azi da lasifika yana ta fama. Iskar da ke shiga wa shanu in mota na tafiya ta ɗauke, bodi ya ɗauki zafi kamar tanderu.

Direbansu, Dogara, ya leƙo ya ce in ba a janye tifar nan ba shanu za su fara zubewa. Wannan maganar gaskiya ce, kuma ita ce ta buɗe ƙofa. Shafi'u yana jin direban tifar yana ba ta wuta, tana tari tana mutuwa, tana tari tana mutuwa. Kunnensa ya gane kukan. Iska take sha, akwai tiyon mai da ya tsage. Ya san saniya tana ƙarƙashinsa, ya san abin da Alhaji ya ce, ya san duka, amma kukan injin nan ya rufe komai.

"Malam, minti biyar," ya ce wa Hammadu. "In na tashe ta duk mun huta."

"Kai Shafi'u, zauna! Farar nan ba ta da ƙarfi."

Kafin dattijon ya rufe baki ya dira. Direban tifar ya dube shi daga sama har ƙasa, kaya duk kashin shanu, ya ce, "Mallam, you sabi am?" Wato ko ya iya gyaran. Shafi'u kuwa ya riga ya shige ƙarƙashi. Ya bi tiyon da yatsa har ya sami tsagar. Ya laluba ƙugunsa ya zaro abin da ke wurin, ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yanko robar taya ya ɗaure, ya shiga buga famfo yana fitar da iska. Abin da ya zaro kuwa wuƙar yanka ce.

A can saman tirela farar ta zube. Hammadu ya dira da tsufansa, ya murɗe wutsiya, ya zuba ruwa, ya tare wani bijimi da kafaɗa don kada ya taka mata wuya. Ya ga ido ya juye. Ya nemi wuƙa, babu, tana ƙugun Shafi'u. Ya kwarara kiran sunan Shafi'u har muryarsa ta dushe, amma wa ke jin muryar tsoho a Upper Iweka? Ya kira wayarsa, ta yi ƙara a kan katako, saman kansa. Dogara ya sheƙa neman wuƙa wurin masu sayar da lemo, kafin ya dawo da wata guntuwa da ko albasa ba za ta yanka ba, aikin gama ya gama.

Tifa ta tashi. Titi ya kaure da sowa, direbobi suna buga hon na murna, direban tifa ya rungume Shafi'u yana "Na God send you!" Wata mata ta danƙa masa ruwan sanyi. Shi a ransa minti biyar ɗin ce, agogo kuwa ya ce awa ɗaya da kwata. Ya hau tirela yana dariya, hannu duk baƙin mai, sai ya ga Hammadu zaune a kan yashin bodi, farar kuma a miƙe.

Mota ta fita gari. Haushin da Shafi'u ke ji na kansa ya fi ƙarfin kuka. Ya dunƙule hannu ya dinga dukan cinyarsa, har dattijon ya riƙe shi.

"Saurara," in ji Hammadu. "Na san abin da Alhaji ya ce maka. Jikinta da ɗumi. Sa mata wuƙa yanzu mu farke ciki, mu ce mun same ta da rai. Kafin magariba masu tebur da masu tsire na Mile One sun kwashe. Ni ban gani ba, Dogara bai gani ba."

"Ta mutu, Malam."

"Na sani. To ba ni wuƙar, ni in ɗauki zunubin. Kana da ƙaramar yarinya."

Shafi'u ya dubi saniyar. A karon farko tun safe kasuwar kansa ta yi tsit, babu mai kira sai abu ɗaya. Ya goge wuƙar a wandonsa, ya mayar cikin kube, ya zauna a kanta. Har Fatakwal Hammadu yana roƙonsa, bai ɗaga ba.

Bayan la'asar aka sauke shanu a Trans-Amadi, aka ja mushen da igiya aka kai bayan mayanka. Alhaji Muntaka ya riga ya ji komai a waya daga bakin Dogara. Ya sallami mutanen da ke rumfarsa, ya kira surukinsa. Shafi'u ya cire takalmi ya durƙusa nesa da tabarma, kai a ƙasa.

"Na ji ka gyara wa mutanen Anaca mota," in ji Alhaji. "Allah ya ba da lada."

"Baba, na yi kuskure. Ni na sauka, ni na tafi da wuƙa. Ba laifin Malam Hammadu."

"Wannan na sani. Ba shi nake tambaya ba. Bayan ka dawo fa? An ce an ba ka shawara."

Shafi'u ya gyaɗa kai.

"Rahama ta ce kana da ciwo, hankalinka yana ɗaukewa," in ji Alhaji, ya sassauta murya. "To na yarda. Ka ce min ciwon ne ya taso maka, ka ruɗe, ba ka fahimci abin da Hammadu ke nufi ba. In haka ne, ciwo ba a fushi da shi. Ka je gida ka huta, Alhamis ka koma Maigatari. Gaba in irin haka ta faru ka san abin da ake yi."

Jama'a, a duba wannan rashin ta-ido. Shekara biyu mutumin nan yana yi wa maganar likita dariya. Ranar da yake buƙatar wanda zai sa wa mushe wuƙa ya rufe baki, ranar ce ciwon ya zama gaskiya. Shafi'u ya gane sarai abin da aka shimfiɗa masa: kalma ɗaya, ya koma ɗakinsa, ya ci tuwon Rahama, yarinya ta hau cinyarsa. Ya so ya faɗa, Allah ya sani ya so.

"Baba, saukar da na yi ciwon ne," ya ce. "Amma wuƙar da na hana, da hankalina na hana. Ko gobe aka sake, ba zan sa ba."

Alhaji ya gyara zama. Sannan ya ɗauki carbinsa ya ce tirelar Dogara za ta koma arewa da safe, babu kaya, akwai wuri.

Kafin ya isa Diobu labari ya riga shi. A bakin masallaci ana ta maimaita yadda ya bar saniya ta mutu yana ƙarƙashin motar wani, ana tafa hannu ana dariya. Rabin da ya biyo baya babu wanda ya ba da shi, don wanda ya san shi ba zai faɗa ba.

Rahama tana tsaye a tsakar ɗaki, ido jawur. Ta tura Amatullahi wurin kakarta, ta rufe ƙofa. Shi ya gaya mata duka, bai rage wa kansa komai ba. Da ya zo kan maganar rumfa ta fashe.

"Kalma ɗaya fa, Baban Amatu! Abeg, kalma ɗaya! Shekara nawa ina roƙon Baba ya yarda kana da ciwo? Yau ya yarda, kai ka ce a'a? Ni fa? Yarinyar nan fa? Wa zai riƙa tuna maka ranar asibiti a ƙauye? Kullum abu yana kuɓuce maka, yau da ya kamata ka saki, yau ka ga damar riƙewa!"

Ya bar ta ta gama. Ba shi da abin kare kansa, kuma ya san kowace kalma tata tana da gaskiyarta. Ya ɗago ya tambaye ta a hankali.

"Rahama, naman da kike sa wa Amatu a miya, a ina kike saya?"

Ta buɗe baki za ta ce teburin naman da Baba ke da shi a Mile One, sai ta gane abin da yake nufi. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa, hawaye na zuba ba ta share ba. Daga nan ta jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ta fara ninke masa riguna ɗaya bayan ɗaya, tana ninkewa tana dannawa da ƙarfi kamar rigunan ne suka yi mata laifi.

Da safe ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba. Amatullahi tana cikin kayan makaranta, ta riƙe masa yatsa tana tambaya ko zai dawo bayan 'yan kwanaki kamar kullum. Ya durƙusa ya gyara mata igiyar takalmi, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Dogara yana ta hon.